Kaset ɗin Kawu Mai Jita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a Riyad yana da shekara saba'in da ɗoriya. An yi masa salla bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar da ba a rubuta sunan kowa a kan kabari. Sama da rabin rayuwarsa ya yi shi a wannan gari yana tuƙa motar gida ɗaya. Ina rubuta wannan ne saboda mutumin da aka yi ta yabo a zaman makokinsa ba shi na sani ba, ko kuma in ce rabinsa ne kawai.

An yi zaman a falon gidansa na haya a Al-Suwaidi, tsakanin magariba da isha'i, yadda mutanen garin suke yi. Direbobi suna shigowa bibbiyu, gwargwadon yadda iyayen gidansu suka sallame su, su sha gahawa, su ci dabino, su duba waya, su tashi. Likitoci da injiniyoyinmu suka zo cikin manyan riguna. Na yi shekaru a ɗakin labarai na rediyo a Kaduna kafin aikin fassara ya kawo ni nan, don haka ina gane lokacin da mutane daban-daban suke karanta takarda ɗaya.

"Mutum ne mai shiru-shiru."

"Kullum sahun farko."

"Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba."

Na biyun gaskiya ne. Na ukun kuwa, duk wanda ya taɓa shan gabansa a shataletale ya san ba haka ba ne.

Ɗan kafilinsa, wato ɗan mutumin da iƙamar Kawu, takardar izinin zamansa a ƙasar, take hannunsa, ya zo a rana ta biyu. Ya zauna gwargwadon shan ƙaramin kofi ɗaya, ya ce marigayi mutumin kirki ne, ya kira shi da sunan da gidansu suka laƙaba masa tun farko don nasa ya yi musu wuyar faɗi. A bakin ƙofa ya tambayi inda makullin motar yake.

Bayan fitarsa wani tsoho ya shigo, mai walda ne a Birnin Masana'antu na Biyu, kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa ba ya iya magana a hankali. Ya zauna, ya shafa fatiha, sannan ya buga cinyarsa.

"Allah ya jiƙan mai jita! Wallahi ina cikin silimar nan ranar da ya yi wasansa shi kaɗai. Yatsun nan, sai ka ce babu ƙashi a ciki."

Wani direba ya sunkuyar da kai yana juya ƙwallon dabino a hannu. Wani likita ya ce, "Baba, a dai yi masa addu'a."

"To me nake yi? Ko ƙarya na faɗa?"

Babban ɗan Kawu, taubashina, shi ke zuba gahawa. A Riyad aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa tana fita da nauyi musamman in ransa ya ɓaci. Ya ajiye butar ya ce, "Ya ammi, khalas, ya isa haka, Baba. Ya tuba tun kafin a haife ni."

Tsohon ya karkato kunne, aka maimaita masa. Ya ce, "Ni ban ce bai tuba ba, yaro. Cewa na yi ya iya."

Da mutane suka watse, taubashin nawa ya ja ni kicin. Ya ce ya ga kaset ɗin wasan nan a ƙarƙashin gadon mahaifinsa, cikin gidan kaset na wa'azi, kuma in an gama kwana uku zai lalata shi. Kaset ɗaya ne a duniya. Shi ne kaɗai shaidar cewa Kawu ya taɓa riƙe jita.

Ga waɗanda ba su sani ba: a shekarun da kiɗan rok ya shigo otal-otal na Kaduna da Jos, Kawu shi ne mai jita a wata ƙungiya ta samari biyar. Wandonsu mai faɗin ƙafa, gashinsu a tsefe, suna kwaikwayon waƙoƙin Turawa ga ma'aikatan masaƙa da hafsoshin soja. Mahaifiyata ta ce kakanmu ya hana a ambaci sunansa a kan abinci. Ƙungiyar ta yi suna, shi ya yi fice a cikinta, sai kuma ya fita. Dalilin da ya ba ni gajere ne. Ya ce wata rana ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa ya ɗaure su irin ɗaurin garaya, ya kaɗa wa abokansa. Shugaban ƙungiyar ya ce, "Mu nan ba bori muke yi ba." Kawu ya naɗe wayarsa ya tafi.

Wasa ɗaya ya yi da sunansa shi kaɗai. Ya kama hayar wata silima a Kaduna ranar da ba a nuna fim, ya ari mai ganga, ya ɗauko mai kalangu daga kasuwar mahauta. Wani ma'aikacin rediyo ya zo da na'urar ofis ya ɗauki wasan a babban faifai, ya kwafa masa a kaset. Babban faifan kuwa, duk wanda ya yi aikin rediyo a wancan zamani ya san makomarsa: an goge shi a mako na gaba an ɗauki jawabin wani kwamishina. Kawu ya kai kaset ɗin Ikko. Kamfanin da ya je ya ce hayaniya ta yi yawa, ya zo a sake ɗauka a ɗaki, kuma ya rera da Turanci. Ya dawo. 'Yan otal suka ce kiɗansa ya zama na ƙauye. Mutanen gari suka ce kayan kiɗansa na arna ne. Ba wanda ya kore shi daga sana'ar, gayyata ce kawai ta daina zuwa. Ya sayar da jitar ya haɗa kuɗin jirgi.

Abin da ya tarar a nan shi ma ba dogon labari ba ne. A watanninsa na farko kafilin ya shiga mota ya iske ya kama wata tasha da ake kiɗan Sudan, yatsunsa suna bin kiɗan a kan sitiyari. Ya sa aka cire rediyon motar a ranar. Ya ce masa in ya sake, huruj, wato a buga masa fita ba dawowa. Bayan wasu shekaru wannan kafili ya sauya masa sana'a a takarda har ya samu ya kawo matarsa, abin da direban gida bai cika samu ba. Kawu bai taɓa manta wannan alheri ba, kuma ba a taɓa bari ya manta ba. Daga ranar iƙamar mutum biyu ce ta rataya a kan shirunsa, daga baya ta zama ta biyar.

Amma hannu ba ya bin umarni kamar baki. Har ya mutu faratan hannunsa na hagu a yanke suke ƙasa-ƙasa, na babban yatsan dama kuma yana barinsa da ɗan tsayi. In yana jiran fitila ta ba da hannu, yatsun hagun suna tafiya a bayan sitiyari inda na kujerar baya ba zai gani ba. Ba ya iya zama a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki take kuka ba daidai ba. Zai ce, "Wannan abin ya sauka," ya tashi ya cusa takarda a gefenta har kukan ya yi masa daidai. Kuma ya tsani a katse abu. In kana magana wani ya tari numfashinka, zai ɗaga hannu ya ce, "Bari ya gama." In an isa gida ana tsakiyar aya a rediyo, ba ya kashe mota. Madam, matar kafilin, da jikokinta su sauka su shiga, shi yana zaune sai mai karatu ya kai aya.

Ba waliyyi ba ne. Yana da saurin fushi, yana riƙo, kuma in ya raina iyawar mutum ba ya ɓoyewa. Wani ladani a unguwarsu ya sha wuyarsa. Kawu zai bi salla a bayansa lafiya lau, a fito ya ce, "Allah ya karɓa, amma muryar nan a hanci take kwana."

Alherinsa kuma a ɓoye yake yinsa, kamar mai sata. Akwai wani Bafilipine mai gyaran lantarki a gidan kafilin, magidanci ne da ya baro 'ya'ya a ƙasarsu. Yana da tsohuwar jita a ɗakinsa na bayan gida, yana kaɗa ta ƙasa-ƙasa ranar Juma'a da rana in gidan ya yi barci. Shi ya ba ni labarin da bakinsa a wajen jana'iza. Ya ce wata rana Kawu ya turo ƙofa ba sallama, ya miƙa hannu, ya karɓi jitar. Ya kara kunne, ya murɗa nan, ya murɗa can, ya daidaita tsirkiyoyin shida, ya miƙa masa. Mutumin ya roƙe shi ya kaɗa ko kaɗan ne. Kawu ya ce, "Ni direba ne." Ya fita. Haka ya riƙa yi masa duk lokacin da zafi ya sassauta tsirkiyoyin, shekara da shekaru, bai taɓa kaɗa waƙa ko rabi ba.

Sau ɗaya ya kunna mini kaset ɗin. Ban daɗe da zuwa Riyad ba, na same shi a unguwar Ulaya da tsakar rana yana jiran madam ta fito daga kanti. A lokacin motar tsohuwa ce, an mayar mata da rediyo mai cin kaset saboda wa'azi. Ya ɗaga gilasai, ya duba madubi, ya ce, "Kai da kake ɗan rediyo, faɗa mini abin da ka ji." Ya kunna daga tsakiya. Na ji jita tana tafiya a hankali, tana maimaita jimla ɗaya irin ta masu garaya, kowane zagaye tana ƙara kauri, kalangu yana amsa mata. Kafin ta kai inda za ta, wani mai gadi ya nufo motar. Kawu ya danna ya kashe. Mutumin da ba ya katse mai magana ya katse kansa a tsakiyar jimla, ya sauke gilas yana murmushi ya ce, "Na'am, ya mudir," wato ranka ya daɗe.

Daga nan na fara damunsa ya bari in kwafe shi a kwamfuta. A kan wannan muka yi faɗanmu mafi tsawo.

"Kawu, kaset yana lalacewa. Zafin garin nan cin sa yake yi."

"Ni ma yana ci na. Wa ya kwafe ni?"

"Ba wanda zai ji sai wanda ka yarda."

"Haka ake cewa. Ku 'yan rediyo, in kuka ga abu bai watsu ba sai ku ji kamar ba ku yi salla ba. Gobe ya shiga wayar wani, jibi ya shiga wayar ɗan kafili. Kai za ka ciyar da su in aka buga mana huruj?"

Na ce masa zamani ya sauya. Ya ce zamani na masu gari ne, mai iƙama ba shi da zamani sai ranar da take ƙarewa. Na ce tsoro ne kawai. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Mun yi watanni ba ma magana sai gaisuwa, har matarsa, wadda nake kira Inna, ta aiko mini da dambu da saƙon cewa in ban zo ba ita za ta zo ofishinmu ta ja ni da kunne.

Zamanin kuwa ya sauya ɗin. Garin da aka cire wa Kawu rediyo ya fara gina dandali, ana kafa manyan allunan talla da hotunan makaɗa a kan titunan da yake bi kullum. Bara aka kawo wani tsohon Bature mai jita, sa'an Kawu, wanda shi ma a da yana cikin wata shahararriyar ƙungiyar rok kafin ya ware. Jikan kafilin ya sayi tikiti shi da abokansa. Kawu ne ya kai su. Ya ajiye mota a filin da direbobi suke jira, ya jingina da ita, ya ji wasan gaba ɗaya ta bayan katanga.

Washegari ya kira ni, abin da bai saba ba. Na same shi a falo da shayi ya huce a gabansa.

"Yaya wasan, Kawu?"

"Tsohon ya iya. Hannunsa na hagu yana nan. Amma tsoron kuskure yake yi, duk inda ya kamata ya faɗa rami sai ya zagaye." Ya gyara zama. "Yaron nan da muna dawowa yake tambayata wai na taɓa jin irin wannan kiɗa. Wai in ina so zai tura mini a waya in ji yadda ake yi."

"Me ka ce masa?"

"Na ce shukran."

Ya juya kofin shayin a kan faranti. Sannan ya ce, "Kakansa ne fa ya cire mini rediyo. Ba wanda ya zo ya ce mini, malam, an fa daina hanawa, yi haƙuri da shekarun da suka wuce. Kawai na wayi gari na ga allo." Ya kalle ni. "In an sha ruwa, bayan salla, ka zo da na'urar taka."

Ana saura 'yan kwanaki azumi ya faɗi a bakin mota. Bai sake magana ba har ya cika. Babu wanda ya ji wannan umarni sai ni.

Wannan na faɗa wa taubashina bayan kwana uku, a falon da aka naɗe tabarmi. Tsakaninmu akwai wasa tun yana yaro. Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, Kawu kan ce mini, "Tashi ga ubangidanka ya shigo," yaron kuma ya yi ta dariya bai san ma'anar ba. Ranar babu wasa.

"Ya ce in zo in kwafa," na ce.

"Kai ya faɗa wa. Ni abin da ya faɗa mini daban ne."

"Malamai ma sun saɓa a kan kiɗa."

"Yaya, ni ba malamai nake bi ba. Shi nake bi." Ya koma Larabci, ya sake dawowa Hausa don ya tabbata na ji. "Duk wanda ya kunna wannan abu, zunubin zai bi shi har kabari. Yau mutum ɗaya, gobe dubu. Kai kana so sunansa ya tsaya. Ni ina so ya kwanta lafiya. Wanne ne ɗa zai zaɓa?"

Na ce masa mahaifinsa bai taɓa ɗaukar kiɗan nan zunubi ba, ɓoyewa kawai ya yi.

Ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Ina aji huɗu na zo gida da wata sarewar roba, abokina ya ba ni. Ina busawa a matakala, maƙwabci ya buɗe ƙofa ya kalle ni. Baba ya fito ya mare ni, kunnen nan ya yi kwanaki yana ƙara. Ya taka sarewar. Ya ce kiɗa haramun ne, ɗansa ba zai taɓa shi ba. Washegari ya kai ni tahfiz." Ya taɓa kuncinsa. "To faɗa mini. In halal ne, don me ya mare ni?"

Ina da amsa. Amsar ita ce ba don Allah ya mare shi ba, don maƙwabcin ne, don kafili ne, don iƙama biyar ne. Amma in na faɗa, na karɓe masa uban da ya sani na ba shi wani matsoraci a madadinsa, kwana uku da binne shi. Kuma ko na faɗa ba zai sauya hukunci ba. Ɗan 'yar'uwa ba ya gado inda akwai ɗa. Ƙannensa mata biyu suna gidajen aurensu, sun ce duk abin da ya yanke sun yarda.

Inna ce ta yi magana daga bayan labule. Tana takaba, ba ta fita, amma gidan ƙarami ne, babu abin da ba ta ji ba.

"Ku matso nan, ku biyun."

Muka matsa, muka durƙusa.

"Kaset ɗin nan gado ne ko ba gado ba?"

Ɗanta ya ce, "Gado ne, Yumma."

"To ina da tumuni a ciki, kuma ban yafe ba."

"Yumma, ta yaya za a raba kaset kashi takwas?"

"Ba sai an yanka ba. Tun da na zo garin nan nake share masa ƙura. Ban taɓa jin sa ba sai ta ƙasan ƙofa, kamar kukan sauro. Zan ji shi sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, da ƙarfin da aka yi shi. Wannan ne rabona. Sauran naku ne, ka yi abin da za ka iya amsawa a gaban Allah."

Ɗanta ya ce ya yarda, amma ba waya a ɗakin. Inna ta ce da ni, "Kai za ka kunna, tunda aikinka ne. Kuma kada ka yi masa wayo. Ubansa ya mutu." Na ba ta alkawari. Wasu abokaina sun ce da sun kasance su ne da sun ɓoye ƙaramar na'ura a aljihu. Ba su durƙusa a gaban labulen ba.

Da hantsin wata Asabar muka yi. Taubashina ya karɓi wayata da ta Inna ya sa a aljihunsa. Na jawo tsohuwar rakodar Kawu, na goge kanta da auduga da ɗan turare, na sa biro na juya zaren kaset ɗin a hankali har ƙarshe na dawo da shi don kada ya manne. Inna ta zauna a kan darduma da mayafinta. Ɗanta ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a kan mariƙi. Na danna.

Da farko shuu ɗin kaset. Sai kukan janareta daga nesa, kujerun ƙarfe suna ƙara, wata mai gyaɗa tana talla, wani yana kiran abokinsa ya zo ga wuri. Aka ƙwanƙwasa makirfo. Sai murya, siririya, ta saurayi, da sauri kamar ana korarsa:

"Bismillahir rahmanir rahim. Jama'a salamu alaikum. Yau ni kaɗai ne, in na ɓata ba wanda zan ɗora wa."

Aka yi dariya a silimar. Taubashina bai motsa ba. Da jitar ta shigo ya buɗe ƙofa ya fita, na ji ya zauna a matakala.

Zan faɗi abin da na ji yadda aka koya mini, ba ƙari. Ɗaukar ba ta da kyau. Makirfo ɗaya ne, kuma an ajiye shi kusa da mai ganga. Waƙar farko ya yi ta da gaggawa, muryarsa ba ta kai jitarsa ba, shi ma ya sani, don daga ta uku ya kusan daina rerawa. Daga nan wasan ya zauna. Jitar tana da kaushi, tana kuka irin na rok, amma tafiyarta ta garaya ce, tana zagaya jimla ɗaya har sai ka daina jiran ta sauya, sannan ta sauya. Mai kalangun ya fara da tsoro, can ya gane ana tambayarsa ne, ya fara amsawa. A wani wuri mutanen silimar suka daina tafi, sai takun ƙafa a siminti. Ban taɓa jin wani ya yi irin wannan ba, kafinsa ko bayansa, kuma na yi shekaru ina jin faifai don a biya ni.

A gefe na biyu, ana tsakiyar waƙa mafi tsawo, tsirkiya ta tsinke. Ana jin ta sarai, tas. Ganga ta yi tuntuɓe. Sai Kawu ya fashe da dariya a makirfo, dariya mai yawa, daga ciki, ta mutumin da ba ya tsoron kowa. Ya ce, "Saura biyar, sun isa!" Ya ci gaba.

Inna ta ɗago kai. Ta ce, "Ashe yana dariya haka."

Ta ci gaba da sauraro har zaren ya ƙare, rakodar ta tsaya da kanta.

Taubashina ya shigo da almakashi da baƙar leda. Ya fitar da kaset ɗin, ya ja zaren, ya yi ta ja yana taruwa a gabansa, ya yayyanka shi. Ya tattara a ledar ya nufi kwandon shara na kicin. A nan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye.

"Akwai sunan Allah a ciki," ya ce, ba tare da ya juyo ba.

Ya dawo ya juye zaren a kan farar takarda mai tsabta, ya naɗe, ya sa takalmi. Na bi shi. A jikin bangon masallacin unguwar akwai akwatin ƙarfe mai ƙaramar ƙofa, inda ake saka tsofaffin shafukan Alƙur'ani da duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah don kada a taka. Ya yi bisimilla, ya saka ƙunshin da hannun dama. Ya miƙo mini wayata. Ya shiga ya yi alwala, ni na tsaya a rana. Na tambayi mai sharar masallacin abin da ake yi da kayan akwatin. Ya ce in ya cika ana zuwa a kwashe, a kai inda ƙafa ba ta takawa.

Ban riƙe taubashina a rai ba. Ya yi wa mahaifinsa biyayya a kan abin da mahaifin ya koya masa da tafin hannu. Waɗanda suka sa aka koya masa hakan suna nan lafiya, jikokinsu suna sayen tikiti.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba Inna da 'ya'yanta haƙuri. In kiɗan laifi ne, Allah ya yafe masa wasan yini ɗaya. Shirun shekara arba'in kuwa, ba shi za a tambaya ba.